Me ya sa wayar awon zafi ke sauya karatu bayan ta daɗe a tanderu?

Wani ƙanenmu mazaunin Agege, mai aikin wuta a wani kamfanin alminiyam da ke Ikeja, ya turo mini tambaya. Suna da tanderun da suke gasa sandunan alminiyam a digiri 500 kafin a matse su a fitar da firam ɗin taga. Wayar awon zafin da ke ciki, wadda masu aikin ke kira tamokoful, nau'in K ce. Ya lura in ya zura sabuwa kusa da wadda ta yi 'yan makonni a ciki, tsohuwar tana nuna digiri 3 ko 4 sama da sabuwar, kuma kullum hakan take. Ogansa ya ce jabu aka sayo musu. Wani ɗalibin injiniya kuma ya gaya masa atam ɗin cikin wayar ne suka sauya zama. Shi dai ya zaro ta ya duba, ba tsatsa ba tsagewa, don haka yana so ya san wa ke da gaskiya. Ya kuma ƙara da wata: tunda wayar nan wuta take bayarwa daga zafi, me ya hana a nannaɗe ta a salansar janareto a riƙa cajin wayar salula da ita?

Ƙanena, Allah ya ƙara basira, domin ba kowane mai aiki ne zai tsaya ya kula da digiri 3 ba. Ɗalibin nan ya fi kusa da gaskiya. Abin da ka gani sananne ne a nau'in K, kuma waya ta ainihi ma haka take yi. Digiri 500 da kuke aiki a kai kuwa yana cikin zangon da abin ya fi faruwa.

Ka fara cire wani abu daga ranka, wanda kusan duk masu aikin da na zauna da su haka aka koya musu: wai wutar tana fitowa ne daga bakin da aka haɗe wayoyi biyun da ake yin tamokoful da su. Ba daga nan take fitowa ba. Bakin nan haɗa su kawai yake yi. Wutar tana taruwa ne a jikin wayar, a duk inda zafi ke sauka daga mai yawa zuwa kaɗan. A tanderunku wurin nan shi ne inda wayar ta ratsa bango, daga digiri 500 na ciki zuwa digiri 40 na waje. Sashen da ke can ciki, muddin zafinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe, ko ɗigo ba ya ƙarawa. Ka riƙe wannan da kyau, duk sauran bayanin a kansa ya tsaya.

A cikin ƙarfe akwai ilektiron masu yawo, su ne ke ɗaukar wuta. Na gefen zafi sun fi kuzari, suna gangarowa gefen sanyi, na gefen sanyi kuma suna haurawa. Da a ce dukkansu suna samun hanya iri ɗaya, da an tashi kunnen doki, mita ba za ta nuna komai ba. Amma ƙarfe ba ya yi musu adalci. A wani ƙarfen masu kuzari ne ke wucewa cikin sauƙi, a wani kuma marasa kuzarin ne. Ɗan rinjayen nan shi ke tara caji a gefe guda. Thomas Seebeck ne ya fara ganin haka a Jamus a 1821, da ya haɗa jan ƙarfe da bismut ya ɗumama mahaɗa ɗaya, sai allurar kamfas ta karkata. Shi ya ɗauka maganaɗisu ne zafin ya haifar, daga baya aka gane wuta ce ke zagayawa. Yawan wutar da ƙarfe ke bayarwa a kan kowane digiri ɗaya na bambancin zafi shi ake kira ma'aunin Seebeck.

Wutar ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Jan ƙarfe bai kai maikurobolt 2 a kowane digiri ba, maikurobolt kuwa kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Nau'in K waya biyu ne: Chromel, wanda kusan kashi 90 nikel ne da kashi 10 kuromiyam, da Alumel, wanda kusan kashi 95 nikel ne da ɗan alminiyam da manganis da silikon. Su biyun a haɗe suna ba da kimanin maikurobolt 41 a kowane digiri. A digiri 500, in ɗaya ƙarshen wayar yana digiri sifili, suna ba da milibolt 20.6, milibolt kuwa maikurobolt dubu ne. Digiri 4 ɗin da ka gani kimanin maikurobolt 170 ne, bai kai kashi 1 cikin 100 na dukkan wutar ba. Ba sai wayar ta lalace a ido ba kafin ta yi wannan ɗan sauyi.

Ga wani abin da zai nuna maka yadda lamarin yake da saurin motsi. Nikel tsantsa ma'auninsa ƙasa da sifili yake, kusan 19 a ɓangaren ragi. Ka zuba masa kuromiyam kashi 10, sai ya tsallake sifili ya koma sama da 20 a ɓangaren ƙari. Ka gauraya shi da jan ƙarfe kashi 55, wato konstantan, sai ya ƙara nutsawa zuwa wajen 35 ko 40 a ragi. Ƙarfen da baƙin atam kaɗan ke juya masa alƙibla haka, ba abin mamaki ba ne in wurin zaman baƙin ma ya taɓa shi.

To mece ce jeruwar atam? Ka kawo filin dara a ranka. Gurabun suna nan a jere, ba sa motsi. Abin da ke sauyawa shi ne ɗan wa ke cikin wane gurbi. Kana iya watsa 'ya'yan ɓangarorin biyu yadda suka faɗi, kana kuma iya jera su ɗaya naka ɗaya nawa har ƙarshen fili. Yawan 'ya'yan bai canza ba, gurabun ba su canza ba, amma wasan ba ɗaya ba ne. Gamin ƙarfe haka yake. In ka kai tsohuwar wayarka ɗakin gwaji, nikel ɗin da kuromiyam ɗin suna nan daidai yadda aka sayo su. Maƙwabtaka ce ta sauya.

Abu biyu ne ke ja-in-ja a kan wannan zama. Wasu atam sun fi samun natsuwa in maƙwabcinsu ba irinsu ba ne, saboda haka in aka bar su za su jeru. Zafi kuma yana girgiza su yana cakuɗa su. In zafi ya yi yawa cakuɗa ke rinjaye. In ya sauka, jeruwa ce ke da ƙarfi, amma fa sai atam sun iya motsawa, kuma ba sa motsawa sai ta gurabun da ba kowa a ciki, waɗanda kowane ƙarfe ke da su jefi-jefi. A zafin ɗaki wannan ƙaura ta tsaya cik. Ka ga ke nan akwai zango a tsakiya, inda zafin ya isa atam su motsa amma bai isa ya hargitsa su ba. Duk ƙarfen da ya zauna a wannan zango zai jeru sannu a hankali. In kuma ka ɗauko ƙarfe daga zafi mai yawa ka tsoma shi a ruwa, cakuɗar ce za ta daskare a ciki. Wayar da ka sayo sabuwa kusan a wannan hali take, domin a masana'anta an gasa ta a zafi mai yawa ta huce da sauri.

Gamin da aka fi nazari a kai shi ne jan ƙarfe uku zinariya ɗaya. Sama da digiri 390 a cakuɗe suke. Ƙasa da haka, in aka bar su su huce a hankali, zinariya takan kama kusurwoyin kowane ƙaramin akwati na kiristal, jan ƙarfe ya kama tsakiyar fuskoki, a tafi haka zango mai nisa. Turjiyarsa ga wuta takan faɗi zuwa ƙasa da rabi, domin ilektiron sun fi gudu a tsararren wuri, ma'aunin Seebeck ɗinsa ma yakan sauya. Kurnakov da abokan aikinsa a Rasha sun ga alamar haka a 1916, Johansson da Linde suka tabbatar da hasken eksire a 1925, Bragg da Williams suka yi masa lissafi a Ingila a 1934. Tagulla mai rabin jan ƙarfe rabin tutiya ita ma tana jeruwa a wajen digiri 460. Maƙeran zinare sun san abin a hannu tun kafin a san shi a takarda. Jan zinare mai karat 18, in zinariya da jan ƙarfe ne zalla a ciki, atam ɗinsu kusan ɗaya da ɗaya ne, kuma in aka bar shi ya huce da kansa ƙasa da digiri 410 yakan taurare har ya tsage a ƙarƙashin guduma. Shi ya sa suke tsoma shi a ruwa da zafinsa.

Chromel ba ya irin wannan cikakkiyar jeruwa. Kafin nikel da kuromiyam su jeru zango mai nisa sai kuromiyam ya kai ɗaya cikin uku, a Chromel kuwa kusan ɗaya cikin tara ne. Abin da yake yi jeruwa ce ta kusa. Kowane atam yana da maƙwabta 12 na jikinsa. A sabuwar waya kuromiyam yakan tsinci ɗan'uwansa a cikin sha biyun nan gwargwadon sa'a. In wayar ta zauna tsakanin kimanin digiri 250 zuwa 550, sai su riƙa ja da baya daga juna, kowanne ya kewaye kansa da nikel, ɗan'uwansa ya koma layi na biyu. Iyakar abin ke nan. Ba a gani da ido, ba a gani da madubin ɗakin gwaji na yau da kullum. Hans Thomas ya ba da rahotonsa a Jamus a 1951, kuma abin da ya ɗaure wa mutane kai a lokacin shi ne a nan turjiya ƙaruwa take yi, saɓanin gamin zinariya.

Me ya haɗa ilektiron da maƙwabcin kuromiyam? Wannan shi ne zuciyar tambayarka, don haka bari in ɗan daɗe a kai. Ilektiron a cikin ƙarfe suna cika matakan kuzari ne daga ƙasa zuwa sama har su tsaya a wata iyaka, ana ce mata iyakar Fermi. Waɗanda ke dab da iyakar ne kawai ke shiga harkar ɗaukar wuta. Nevill Mott ya nuna a shekarun 1930 cewa ma'aunin Seebeck na ƙarfe ba ya bin yawan wutar da ƙarfen ke iya ɗauka. Abin da yake bi shi ne bambancin sauƙin tafiya tsakanin ilektiron da ke ɗan sama da iyakar da wanda ke ɗan ƙasa da ita. A jan ƙarfe bambancin kaɗan ne, shi ya sa duk ƙwarewarsa a ɗaukar wuta ma'auninsa bai taka kara ya karya ba. Nikel kuwa yana da wani rukunin matakai masu cunkoso, rukunin d, wanda ya kusa cika, kuma ƙarshensa yana dab da iyakar. Ilektiron mai ƙaramin kuzari yana yawan faɗawa cikin guraben rukunin nan tafiyarsa ta katse, mai babban kuzari kuma ya wuce. In kuromiyam ya shigo yakan zo da nasa matakan da ke kama masu babban kuzarin, sai rinjaye ya juya. Siffar matakan nan, faɗinsu da inda suka tsaya, ta dogara ne da waɗanda ke kewaye da kowane atam. Ka sauya maƙwabta, matakan su ɗan gusa, bambancin sama da ƙasa ya ɗan ƙaru. A Chromel sakamakon shi ne ma'aunin yana ɗan hawa, wayar ta riƙa ba da wuta fiye da abin da ke cikin teburin lissafin da na'urarka ke mayar da wuta zuwa digiri da shi.

Ka lura da abin da hakan ke nufi a aiki. Kwantirola, wato na'urar da ke sarrafa zafin tanderu, tana ganin 500 ta rage wuta, alhali sandunanku suna 496. Tanderun ya fi sanyi ke nan a kan abin da allo ke nunawa.

Kana iya gwada abin da hannunka ba tare da wani kayan aiki na musamman ba. Ka bar tanderu ya daidaita. Ka ɗaure bakin sabuwar waya da na tsohuwa wuri ɗaya da ɗan zaren nikurom, gamin nikel da kuromiyam mai jure zafi, don ka tabbata zafi ɗaya suke ji, ka zura su daidai zurfin da tsohuwar ta saba zama, ka rubuta bambancin. Sai ka ƙara tura su ciki kamar taƙi ɗaya ko biyu, in wurin ya bari. Yanzu sashen tsohuwar da ya daɗe yana gasuwa a cikin bango ya shige ciki inda zafi ɗaya ne, ya yi shiru, kuma sashen da bai taɓa shan zafi ba ne ya zo bango. Za ka ga bambancin ya ragu, wataƙila ya kusa ɓacewa. Ka jawo su waje fiye da zurfin farko, za ka ga ya dawo, har ya fi na da. Ka yi shi da hanzari, domin sabuwar ma ta fara nata sauyin tun daga shigarta, kuma a kusa da digiri 500 ba ya jiran makonni, cikin sa'o'in farko yake yin mafi yawansa. A digiri 300 ne yake jan ƙafa.

Wannan gwaji yana da wani darasi da nake so shugabanninku su ji. Cire tsohuwar waya nau'in K a aika da ita a auna a wani tanderu daban, a wani zurfi daban, ɓata kuɗi ne. Takardar da za a ba ku shaida ce a kan wani sashe na wayar, ba sashen da ke aiki a bangonku ba. Ana auna ta ne a inda take, a zurfin da take, da wata waya amintacciya a gefenta. Kuma kada a riƙa ɗaukar ta tanderu ɗaya ana kai wa wani.

Jeruwar tana warwarewa. In aka gasa wayar sama da digiri 700 aka bar ta ta huce da sauri, takan koma kusa da halinta na farko. Amma da ta koma 500 za ta sake, don haka wannan ba magani ba ne a wurinku.

Kafin ka ɗora komai a kan atam, ka duba abubuwa na kusa, kuma a nan ogan naka yana da ɗan abin kamawa. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta yarda sabuwar K mai daraja ta biyu ta kauce da kashi 0.75 cikin 100, wato digiri 3.75 a 500, mai daraja ta ɗaya kuma digiri 2. Sababbi biyu ma suna iya saɓawa. Abin da ke nuna jeruwa ce shi ne kullum tsohuwar ce a sama, kuma karatun yana bin zurfi. Ka duba wayar da ta taso daga kan tamokoful zuwa allo, domin na sha ganin an ƙarasa ta da wayar jan ƙarfe ta gida, kuma hakan yana zubar da duk bambancin zafin da ke tsakanin jikin tanderu da allo. Ka duba launi, tunda kayanmu daga ko'ina suke shigowa ta Apapa: a tsarin Turai na yanzu K kore ne da fari, farin shi ne ragi, a na Amurka kuwa rawaya ne da ja, kuma jan shi ne ragi, saɓanin abin da mai aikin wuta ya saba. In ka yi shakka ka kawo maganaɗisu, Alumel yana kamawa, Chromel ba ya kamawa. Farin garin magnesiya da ke cikin bututun da aka rufe wayar a ciki kuma yana shan damshi, iskar Legas kuwa ka san ta, don haka kada a bar bakin a buɗe a sito. Akwai wata cutar daban da ke cin kuromiyam a zafin digiri 800 zuwa 1050 in iskar oksijin ta yi ƙaranci, wayar ta yi kore ta riƙa nuna ƙasa da gaskiya da digiri masu yawa. Wannan ba ta warwarewa, amma ba taku ba ce.

Shawarata ita ce ku koma nau'in N. Noel Burley da abokan aikinsa a Ostireliya suka ƙirƙiro shi a shekarun 1970 saboda waɗannan matsaloli. Sun ɗaga kuromiyam zuwa kashi 14 da ɗoriya suka ƙara silikon kashi 1.4, a wannan gamin tasirin jeruwar ya ragu ƙwarai, ko da yake bai ɓace ɗungurungum ba. Nau'in J ma yana aiki a 500, sai dai ɗaya daga wayoyinsa biyu baƙin ƙarfe ce, tsatsa ba ta raga mata a garin nan. Amma don Allah, in kun canza ku canza saitin kwantirola da wayar allo gaba ɗaya. N tana ba da milibolt 16.7 ne a digiri 500. In aka bar saiti a K, kwantirola za ta ci gaba da hura wuta tana neman 20.6, kuma N ba ta kai wannan adadi sai a digiri 600. Alminiyam tsantsa yana narkewa a 660, gamin da kuke matsewa kuwa yakan fara sakin jiki tun kafin nan.

Sai tambayarka ta biyu, wadda ta fi ba ni sha'awa, domin a nan jeruwar da ta dame ka a awo ita ce abin nema.

Wayar K ba za ta yi ba. In salansa tana digiri 400, kowace tagwayen waya za ta ba ka wajen milibolt 15. Kafin ka tara bolt 5 sai ka jera sama da 300, kuma yawancin zafin zai bi jikin wayoyin ya tsere ba tare da ya zama wuta ba. Masu wannan fanni suna auna nagartar abu da lamba ɗaya, ZT: a ninka ma'aunin Seebeck da kansa, a ninka da iya ɗaukar wuta da kuma zafin wurin, a raba da iya ɗaukar zafi. Ana son abin da ke barin wuta ta wuce amma ya tare zafi. Ƙarfe kuwa, kamar yadda Wiedemann da Franz suka gano tun 1853, ilektiron ɗin da ke ɗaukar masa wuta su ne ke ɗaukar masa zafi, ba ka rage ɗaya ka bar ɗaya. In ka yi lissafin, ƙarfe mai maikurobolt 40 ba zai wuce ZT 0.07 ba. Kafin ya kai 1 sai ya ba da kusan 156. Shi ya sa aka koma semikondakta, wato abubuwan da ɗaukar wutarsu ke tsakanin ta ƙarfe da ta abin da ba ya ɗauka, irin su bismut-teluraid, mai ba da kusan 200, wanda Goldsmid ya nuna amfaninsa a 1954.

A semikondakta babban kaso na zafin girgizar atam ce ke ɗaukarsa, ba ilektiron ba, kuma a nan cakuɗa ta zama alheri. Abram Ioffe da mutanensa a Leningrad sun gane a shekarun 1950 cewa in ka cakuɗa atam masu kama da juna a hali amma masu bambancin nauyi, girgiza takan watse fiye da yadda ilektiron ke watsewa. A zamanin ne Tarayyar Sobiyat ta yi fitilar kananzir mai kunna rediyo don ƙauyukan da ba lantarki. Kumbunan Voyager da aka harba a 1977 gamin silikon da jamaniyam ne ke mayar musu da zafin fulutoniyam wuta, kuma cakuɗar biyun ce ta rage gudun zafi a ciki.

Inda jeruwa ta nuna kanta sosai shi ne dangin gamin da ake kira Heusler, sunan Friedrich Heusler, wanda a 1903 ya haɗa jan ƙarfe da manganis da alminiyam ya samu abu mai kama maganaɗisu alhali babu mai kamawa a cikinsu. Ka ɗauki baƙin ƙarfe biyu, banadiyam ɗaya, alminiyam ɗaya. Duka ƙarafa ne. In kowanne ya zauna a gurbinsa, matakan kuzari sukan rabu gida biyu, a samu kwari mai zurfi daidai iyakar Fermi, gamin ya koma yi kamar semikondakta. Bambancin sama da ƙasan da Mott ya ambata yakan yi girma a gefen kwarin nan, don haka ɗan ƙari ko ragi a gamin yana ba da ma'auni sama da 100, a ƙari ko a ragi. In banadiyam da baƙin ƙarfe suka yi musayar gurabu, sai sababbin matakai su tsiro a cikin kwarin. Haka zakoniyam da nikel da kuza: a cikakkiyar jeruwa akwai gurbi ɗaya cikin huɗu da ya kamata ya zauna fanko, kuma ɗan nikel da ya kutsa cikinsa yana rage faɗin kwarin. Ɗakunan gwaji biyu suna iya narka gami ɗaya su samu sakamako daban, don ɗaya ya gasa nasa kwanaki ɗaya kuma bai yi ba.

Dabarar da ake bi yanzu ita ce a raba aiki. A bar gurabun da ilektiron ke bi a tsare, a cakuɗa waɗanda ba su dame su ba. A gurbin zakoniyam, alal misali, ana gauraya taitaniyam mai nauyin 48 da zakoniyam mai 91 da hafniyam mai 178. Halinsu wajen haɗuwa kusan ɗaya ne, ilektiron ba ya jin bambanci sosai, amma girgiza tana tuntuɓe a kowane mataki. Wani gamin wannan dangi mai niyobiyam da baƙin ƙarfe da antimoni ya kai ZT kusan 1.5 a zafin da ya haura digiri 900, a aikin da aka buga daga Jami'ar Zhejiang ta Sin a 2015.

Kada kuma ka ɗauka jeruwa ce kullum mai kyau ga ilektiron. Masu bincike a Jami'ar Fasaha ta Biyana sun nuna a 2022 cewa in aka tsoma gamin baƙin ƙarfe da banadiyam da alminiyam a ruwa daga zafi mai yawa, cakuɗar da ta daskare tana juya ma'aunin daga ƙari zuwa ragi, ta kuma ƙara masa nagarta. A 2023 suka nuna gamin nikel da zinariya da aka cakuɗa ta wannan hanya yana ba da ma'aunin da ba a saba gani a ƙarfe ba. Ni dai ina sa rai da dangin baƙin ƙarfe da alminiyam, don kayansu suna ko'ina, teluriyam ɗin da ke cikin bismut-teluraid kuwa yana cikin mafi ƙarancin abubuwa a ɓawon ƙasa. Amma har yanzu suna barin zafi ya wuce fiye da bismut-teluraid sau goma da wani abu. Sannan duk abin da nagartarsa ta dogara da daskararriyar cakuɗa, in ka manna shi a wuri mai zafi wata da watanni, atam ɗinsa za su fara ƙaura kamar na Chromel ɗinka. Nikel da zinariya ma rabuwa suke so su yi in zafi ya ba su dama. Saboda haka in ka ga labarin sabon gami mai babbar lamba, ka nemi sanin sa'o'i nawa ya yi a zafin aiki kafin a sake auna shi.

In kana son gwada cajin waya da salansa, faranti na bismut-teluraid za ka nema, wanda aka yi don samar da wuta. Kimanin kashi 5 cikin 100 na zafin da ya ratsa shi yake mayarwa wuta, kuma yawancinsu ba sa jure fiye da digiri 250 zuwa 300, don haka ba a kan bakin injin za ka ɗaura ba, sai can gaba inda bututun ya ɗan huce, ka auna wurin da tamokoful ɗinka tukuna. Wahalar tana gefen sanyi, dole ka sa masa babban alminiyam mai haƙora da fanka ko ruwa mai zagayawa, in ba haka ba gefen biyu su yi zafi ɗaya wutar ta mutu. Ƙananan fararen farantan sanyaya ruwa da za ka samu a Alaba ko kasuwar kwamfuta ta Ikeja suna ba da 'yar wuta in ka ɗumama su, amma yawancinsu an like su ne da dalmar bismut da kuza mai narkewa a digiri 138, salansa za ta sake su cikin mintuna kaɗan.